Na'Allah Mai Ɗori Ya Tahi, Saura Kwana Goma Sha Tara

Radiyya, aje tankaɗen nan ki ɗauko biro, yanzu-yanzu. Ke kinka yi karatu a gidanga, ni Halimatu ban san ko alif ba. Rubuta yadda nic ce, kada ki gyara.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya Laraba, sha biyu ga watan azumin tsohwahhi, Na'Allah mai ɗori na Gangara ya cika, bayan kwana huɗu da zazzaɓi.

Na'Allah, da kai nike. Ran da karena Duna yat tsallake rami yad dawo da ƙahwar baya rataye, kowa cewa yay yi a kashe shi. Kai kad durƙusa, ka taɓa guiwar, ka ce ƙashi lahiya lau, jijiya ta tsinke. Ka naɗe ta, ka ce a ɗaure shi da gajeriyar igiya kwana sittin, a rage mai tuwo kada nauyi ya yi ma guiwar yawa. Kullum da hantsi kana zuwa ka ja shi taku ashirin bisa rairayi, kana ce mani, "Inna, ran da kig ga ya taka kamar ya warke, ran nan ki ƙara ɗaure shi. In ta sake tsinkewa, shi ke nan."

Gidana ne na ƙarshe wajen daji. Kunnena ya yi nauyi, idona ya yi hazo. In mutanen daji sun taho, haushin Duna kaɗai nike da shi. Ka san haka, shi ya sa ba ka yi mani dariya ba.

Waɗanda sunka yi dariyar, ga su can bisa tabarmar makokinka da tasbaha. Masu kauda tabarma in ka zo sallah, wai hannunka na warin kare! Hannun da yaɗ ɗora ƙahwar ɗiyansu. Yau su ne masu share hawaye. Tir.

Babbansu ƙanenka Dalhatu, wanda ko ƙahwar kaza bai iya ɗorawa. Ƙasar kabarinka ba ta bushe ba, yau da sahe yal leƙo gidana, ya ga Duna tsaye, ya ce, "Tsohuwa, ai ya warke. Gadona na magani ya nuna mani. Jibi za ni kai shi hwarauta." Gado! Jakar magani kawai ka gada, Dalhatu, ba hannun ba. Na ce saura kwana goma sha tara, ya ce mai ƙidayar ya mutu. In ya kwance igiyar nan, ba ni da ƙarhin hana shi.

Allah shi jiƙanka, Na'Allah, shi yalwata maka kabari, shi sa tausayin da kay yi ma dabba ya tsaya maka. Allah shi ba matarka Zainaba da ɗiyanka haƙuri.

Radiyya, kada a hwara karanta wagga takarda wurin makoki. Motar garin Isa ba ta tashi ba tukuna, ki ba direba takardar ya aje ta Tozai, hannun Wada sarkin mahalba. Shi kaɗai Dalhatu ka tsoro. Shi za a hwara hwaɗa ma, kuma ya iso gobe ya hana Dalhatu kwance igiyar nan.