Kirista da Butar Alwala

Ko da zan manta komai na ƙuruciyata a Tsarnawa, ranar da Innarmu ta rangaɗa guɗa saboda butar alwala ba za ta fita raina ba. Ni dai ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma Allah ya ba ni kunne, zance kaɗan ke wuce ni a gidanmu.

Zamanin jami'ar Yamai tana sabuwa, ƙanena na cikin masu karatu can. Wata rana wani direba ya tsaya shan hura ƙofar gidanmu, ya ce wa Baba ya ga ɗansa ran Lahadi bakin coci tare da wani Kirista, da littattafai a hammata. Baba bai ɗaga murya ba. Ina bayan zana na ji ya ce wa Inna, "In ya zo hutu zan duba shi. In gaskiya ne, ya gama karatu, ga hauya nan tana jiransa."

Da damina sai ga shi, kuma don ƙarin tashin hankali, tare da Kiristan. Dogo ne siriri, ɗan wani ma'aikacin gidan waya, Hausarsa tas. Ya durƙusa ya gaida Baba yadda ya kamata. Da aka kawo tuwo ya sunkuyar da kai ya rufe ido, Baba yana kallon ɗansa ko shi ma zai rufe. Bai rufe ba, amma bisimillarsa ma ban ji ta ba, yunwa ta sa ya auka wa tuwon kawai.

Na ja ƙanena gefe na ce, "Kai, ka san karatunka na rawa?"

Ya ce, "Yaya, ke dai kin cika jin abin da ba a faɗa miki ba."

Kashegari suka bi Baba gona, suka dawo da rana a gajiye. Ƙanena, wanda tun yana yaro barci ne gwanintarsa, ya miƙe a zaure. Aka kira azahar, ko motsi bai yi ba. Baba na zaune gindin bedi yana jan tasbaha, ya ƙi tashinsa da gangan.

Sai ga baƙon ya shigo cikin gida, ya ɗauki buta, ya cika ta a randa, ya saɓa tabarma a kafaɗa. Inna na ganin haka ta saki muciya ta rangaɗa guɗa. Ita a ganinta yaron ya musulunta a gidanta. Kafin ka ce me, matan maƙwabta sun cika tsakar gida, wata har tana tambaya ko an zaɓa masa suna.

Shi kuwa ya tsaya da buta a hannu, ya ce, "Inna, ba tawa ba ce. Ta wancan malalacin ce."

Ya wuce zaure, muna biye da shi, ya taɓa ƙanena da ƙafa. "Tashi, malam, an kira salla. Ko sai na zuba maka?"

Ƙanena ya karɓi buta ido a rufe, kamar wanda ya saba.

Baba ya ce wa baƙon, "Yaro, zo nan. Mi ne ne wanga?"

Ya ce ɗakinsu ɗaya a jami'a. Shi ke tashinsa salla, shi kuma ƙanena yakan raka shi bakin coci ran Lahadi, ya wuce ɗakin karatu ya kama musu wuri. Ya ce suna da taron ɗalibai inda ake gardama kan addini da ilimi, Musulmi da Kirista, kowa da littafinsa. "Baba, na yi masa tambaya kan Annabi Isa ya kasa ba ni amsa. Kunya ta sa ya nemi wani malami a Yamai ya koma karatun Alƙur'ani. Yanzu ni ke gudunsa."

Sai kafaɗun Baba suka fara rawa don dariya. Ya ce, "Ni da bulala na kasa sa shi karatun nan, kai ka sa shi da baki." Ya dubi Inna ya ce, "Ke kuma guɗarki ba ta ɓaci ba, a bar ta a kan ɗanki."

Ran Lahadi Baba da kansa ya fito da kekensa, wanda ko mu bai yarda mu taɓa ba, ya ba baƙon ya tafi Ƙwanni inda 'yan uwansa Kirista ke taruwa. Ya ce masa, "Ka dawo kafin la'asar, akwai mai barci."

Hutu na ƙarewa ƙanena ya koma Yamai, hauya ta ci gaba da jira. Tun daga ranar na koyi cewa in an ce maka an ga ɗanka da wani, kada ka tsaya kan inda aka gan su. Ka bari ka ga abin da abokin ke tashinsa ya yi.