Guntun Katakon da ke Ƙarƙashin Inji

A'a, don Allah ku daina. Da kun ji injin haɗin gida yana girgiza sai ku ce moto ne, ko kwamfuta ce ta rikice. Ba ku san Mai Walda ba, shi ya sa.

Shekara ashirin yana ƙona ido a walda kafin ya haɗa injin nan da hannunsa: ƙafafu huɗu na ƙarfe, bakin yanka a sama, tsohuwar kwamfuta a gefe tana nuna masa inda zai bi. Sunayen shaguna yake sassaƙawa a farantin ƙarfe. Shagon kuma ba nasa ba ne. Na yayan matarsa ne, kafinta, ya tsaga masa rabin ɗaki tun ba shi da ko kujera.

Mai Walda kuwa mutum ne da ko gaishe shi ka yi da fara'a sai ya shafa aljihu.

Matsalar ita ce wata rana rubutu ya fito sumul, wata rana kamar mai zazzaɓi ne ya riƙe alƙalamin. Ya canja boris, ya rage gudu, ya ɗaure kowane noti har tafinsa ya yi kanta. Shiru. Sai ya ɗauko alli ya ja layi a kan kowane noti, don ya gane in ya juya. Kwana biyu, layukan sun goce.

"Hannu ne," in ji shi ga matarsa. "Noti ba ya kwance kansa."

"Hannun wa? Ku biyu ne fa da makulli."

"Ke kika faɗa."

Ta ajiye ludayi ta dube shi. Bai janye ba.

Ran nan ya yi sammako, sai ga Yaya durƙushe a gindin injin, hannu a ƙarƙashin ƙafar baya. Mai Walda ya sunkuya ya fizgo abin: guntun katako, an fere shi siriri.

"Yaya, ashe kai ne? Injin ne ya tsone maka ido?"

Maƙwabta sun fara leƙowa. Kafinta ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa.

"Injiniya, kunna shi."

"Sai ka faɗa min..."

"Ka cire mugun abu, ko ba haka ba? To kunna."

Ya kunna. Injin ya kama rawa, kofin ruwan da ke kai ya tuntsure. Mai Walda ya ƙura wa noti ɗaya ido, yana kallo layin allin yana gocewa a hankali, babu hannun kowa.

"Ƙafar baya ta gaza, ba ta kai ƙasa," in ji Kafinta. "Tun ranar da ka yi waldar na gani. In girgiza ta tofar da katakon, in mayar. Ranar da na makara, ranar kake zagin boris."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Kai? Da na ce ƙofar da ka yi min ta karkace, wata guda ba ka amsa gaisuwata ba." Ya karɓe katakon ya jefa a aljihu. "A gaban mutane ka mai da ni mugu. Ƙarshen wata ka nemi ɗaki."

Kafin azahar Mai Walda ya ƙara wa ƙafar ƙarfe, ya dasa injin a siminti. Yanzu rubutu fes. Amma saura kwana tara wata ya ƙare, kuma ban haƙuri ya ƙi fita daga bakinsa. Matarsa ta daina zuba masa abinci da hannunta, shi kuma har yanzu cewa yake, "Mai nufin alheri me zai sa ya yi a ɓoye?"

To ku da kuke karantawa ku wuce sumsum, yau ba ku isa ba. Wa ya fi laifi, mai zargin ko mai ɓoyewar? Ku buɗe baki ku faɗa, kuma kar wanda ya ce min moto ne.