Sarƙar Nababa Gajera Ce

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Bagwai ta nufi ƙauyen Tsamiyar Dabo da damina ya san Nababa, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai hula ɗaya tun mulkin soja, da ke zama a bakin fadama da shanunsa biyu yana jiran mota ta kafe. Direbobi suna cewa addu'arsa ta asuba ita ce Allah ya kawo ruwa, Allah ya kawo wawan direba. Shi kuma yakan ce na biyun bai taɓa roƙa ba, don Allah ya riga ya wadata ƙasar nan da su.

Ba da jan mota ya tashi ba. Manomi ne ɗan manomi, sai dai gonar gadon nasu an yi ta rabawa tsakanin 'yan'uwa har kason Nababa ya koma kamar shimfiɗar tabarma. Yana saurayi ya tafi birni ya yi dako, ya dawo da tari da 'yan maruƙa biyu. Su ya horar da huɗa, ya sa wa ɗaya Ciyaman don ya fi ci, ɗayan Kansila don duk inda Ciyaman ya juya nan yake bi. Tun daga lokacin ya sha canja shanu, in sun tsufa ya sayar ya sayo ƙanana, amma sunayen ba su taɓa sauka daga mulki ba.

Shanun nan su ne gidan. Su suke huɗe gonarsa, su huɗe ta mutane a ba shi hatsi, su kai taki, su ɗebo ruwa. Kuma huɗa da sa ɗaya ba ta yiwuwa, karkiya wuya biyu take nema. Matarsa Larai takan ce in ita da Kansila suka kwanta ciwo rana ɗaya, ta san wa za a fara jiƙa wa kanwa. Nababa bai taɓa musa mata ba.

Jan motar kuwa tsintarsa ya yi. Wata rana yana dawowa daga gona ya tarar da motar taki ta nutse a taɓon fadama, maza sun tura har sun koma kamar gumakan laka. Ya kwance garma, ya ɗaura igiya, shanu suka fito da ita. Daga nan fadama ta zama ofis.

Kayan aikinsa ba su da yawa: shebur, tsohon ƙyauren katako da ya tsaga biyu, damin karan dawa da yake turawa ƙarƙashin taya, da buhunan yashi. Sai uwar kayan, igiyar rama. Da hannunsa yake tufka ta kowace rani, kaurinta ya kai damtsen mutum, tsawonta kuwa shanu na kan tudu mota na can cikin kwari. In ka tambaye shi me ya hana shi sarƙa kamar masu tarakta, sai ya ce igiya takan miƙe a hankali, sa ya ji nauyin kafin ya ɗauka, sarƙa kuwa fizga take yi kamar ɗan sanda. Game da tsawon kuma cewa yake: "Ni ban yarda da direba ba. Gara ya yi haukarsa can nesa da ƙafar shanuna."

Sai shekarun nan suka zo, da mai ya yi tsada komai ya bi shi. Motoci suka ragu a hanya, waɗanda suka rage kuma aka ninka musu lodi har suna tafiya kamar agwagwa. Direban da a da zai sallame ka, yanzu sai ya miƙo tumatir uku da "Allah ya saka". Dusar da Nababa yake ba shanu, mutane suka fara tankaɗe ta suna tuƙawa. Ɗansa Khalilu da ke leburanci a Rijiyar Zaki ya daina aike, don masu ginin ma sun tsaya a linta. Ramar kuma, a shekarar ba wanda ya bar ta ta yi tsayi. Tun tana ƙarama ake tuge ta a yi kwaɗo, har a gonar Nababa, har da hannun Larai. Rani ya zo ba abin tufka. Tsohuwar igiya ta shiga daminarta ta biyu, ta yi baƙi, ta fara wari, ranar nan ta tsinke a bayan wata motar itace kamar zaren ɗinki.

Ranar kasuwa ya tafi Bagwai, ya tsaya a rumfar Basiru mai tsofaffin ƙarafa da igiyoyi.

"Baba, ga ta leda," in ji Basiru, "doguwa, ba ruwanta da ruwa."

Nababa ya ja ta, ya ga tana miƙewa kamar danƙo. "Wannan in ta tsinke da ƙugiya a bakinta, ido za ta nema. Nawa ko na Ciyaman."

"To ga bel ɗin tirela."

"Rana ta cinye shi. Ko ɗan tsako bai ja ba."

"Baba, kai da ka zo da kuɗin gishiri kake zaɓe kamar mai sayen mota. Ga sarƙa, ita ba ta ruɓa, jikokinka ma sa gada."

"Gajera ce."

"Aljihunka ne gajere. Akwai 'yar'uwarta, in haɗa maka?"

Ba a haɗa ba. Nababa ya daɗe a tsugune yana juya ƙarfen, yana auna shi da taku. Ya san abin da yake faɗa wa mutane shekara da shekaru. Amma marka ta kama, lokacin da fadama take ciyar da shi ke nan, kuma a gida an koma tuwo sau ɗaya. Ya saɓa sarƙar a kafaɗa ya kama hanya.

Ta yi masa aiki sati biyu ko uku. Yana ɗaurawa, ya ce wa direba ya kashe inji, shanu su ja da ƙarfinsu kawai. Ƙananan motoci suna fitowa, duk da dai shanun sun rame, ƙashin ƙugunsu ya fito kamar turken rumfa.

Ran wata Laraba da hantsi, Tasi'u ya zo da akori-kurarsa. Tasi'u direba ne ɗan ƙauyen gaba, mai baki kamar rediyo, ya loda buhunan albasa ya ɗora mata masu zuwa kasuwa a kai. Ya shigo fadama da gudu wai zai yi mata ba-zata, fadama ta riƙe shi har gindin ƙofa.

"Baba Nababa, barka da samun abincin rana."

"Yauwa, ɗan albarka. Tun safe nake cewa yau ko wawaye sun tafi yajin aiki."

Aka sauke matan, aka sauke rabin albasa. Nababa ya haƙe gaban tayoyin, ya cusa kara, ya shimfiɗa ƙyaure. Shanu suka ja, suka durƙusa, mota ko gezau. Suka sake ja, Kansila ya fara kumfa.

"Baba, sai fa na taya su da inji. Waɗannan 'yan siyasar naka yunwa suke ji."

Nababa ya dubi sarƙar. Tsakanin hancin mota da ƙafafun shanu bai fi mutum ya kwanta ba. Ya dubi sama, hadari na haɗuwa. In ruwa ya sauko kan motar nan a ciki, sai dai tarakta, shi kuma ya tashi a banza.

"To kunna. Amma ka ji ni da kyau: da ta fito, ka taka."

"An gama, Baba. Takawa ai ita ce sana'ata."

Nababa bai taɓa riƙe sitiyari ba. A duk shigarsa mota, abin da ya ji fasinja suna cewa in an ga rami ko akuya shi ne direba taka burki, saboda haka a wurinsa mota abu ɗaya ake taka mata. Tasi'u kuwa a tasha ya girma, inda in aka ce taka ta, wuta ake nufi. Kuma duk direba ya san in ka fito daga laka ba ka tsayawa, sai ka hau busasshiyar ƙasa. Kowa ya gyaɗa kai, kowa ya gane.

Inji ya yi kuka, taya ta kama katako, mota ta yi tsalle ta fito. Sarƙa ta saki ta faɗi ƙasa.

"Taka!" in ji Nababa. "Taka!"

Tasi'u ya taka.

Ciyaman ya goce gefe, karkiya ta karye. Kansila, da ya saba jira ya ga inda ɗan'uwansa zai bi, bai goce ba. Ƙarfen gaban mota ya same shi a ƙafar baya, aka ji ƙarar kamar an karya busasshen reshe. Ya zauna a cikin laka kamar kare, yana ƙoƙarin tashi, ƙafar tana lilo.

Tasi'u ya diro daga motar. "Baba, kai ka ce in taka. Wallahi kowa ya ji. Inna, ba ku ji ba?"

Matan sai salati suke yi ƙasa-ƙasa.

"Burki," in ji Nababa.

"Ba ka ce burki ba."

"Ban ce ba."

Nababa ya nufi Kansila. Ya tsuguna ya shafa ƙafar, ya ji ƙashi ya huda fata. Sa mai wannan nauyi ba a yi masa ɗori. Abin da ya rage shi ne a yanka tun da ransa, kada ya zama mushe a yi asara biyu. Aka aika aka kira Muntaka mahauci. Nababa ya riƙe kan, ya juya shi gabas, ya rufe masa ido da tafin hannu. Ruwan ya sauko ana cikin fiɗa.

Watanda aka yi, gida-gida aka kasa, kowa ya ɗauka da alkawarin sai kaka. Mutanen da suka yi wata da watanni ba su ga nama ba suka zo jaje, suna sunkuyar da kai, idonsu na kan kason. Tasi'u ya kawo buhun albasa da hawaye, ya ce motar ma ba tasa ba ce. Larai ta dafa nasu. Nababa ya ce haƙorinsa na ciwo.

Ya nemi wanda zai haɗa sa da shi a ƙarasa huɗar wake, amma duk mai sa ɗaya a yankin ya riga ya sayar. Ya gwada Ciyaman shi kaɗai da guntun karkiya, san ya yi ta karkata hagu yana bar wa wani wuri, kunyar huɗar ta fito kamar maciji ya bi ta. Masu gonakin da suke jiransa suka kira wani. Da kaka ta zo, abin da aka tara na naman bai kai ɗan maraƙi ba, kuma ciyar da sa marar aiki ya gagara. Aka kai Ciyaman kasuwa.

Yanzu da fartanya yake noma, shi da Larai, iya inda bayansu ya kai. In mota ta kafe a fadama yakan je da shebur ɗinsa, ya naɗe wando ya shiga layin masu turi. Daminar bana wani direba baƙo ya leƙo ta taga ya ce, "Dattijo, matsa gefe kar a take ka, bar wa masu ƙarfi."

Nababa ya ce to. Ya koma ɗaya gefen motar, inda madubi ba ya gani, ya sa kafaɗa.