Yadda Baba Gwadabe Ya Rasa Turakarsa

Baba Gwadabe marini ne a Ƙofar Mata. Gidansa kuwa yana wani lungu a Dukawuya, irin wanda in masu tumbi biyu suka haɗu a ciki sai ɗaya ya yi ribas. Tun gemunsa na baƙi yake tara mutane zikiri a soronsa duk Alhamis bayan la'asar. Muryar tasa dai, Allah ya ba da lada kawai. Amma bai taɓa ce wa kowa babu wuri ba. Da haka soro ya cika, tabarmi suka tsallako lungu, takalma suka yi tsibi har bakin kwata.

Wata Alhamis ana tsakiyar zikiri naƙuda ta kama Sa'ida, matar maƙwabcinsa. Mai adaidaita ya kasa shigowa, sai riƙe ta aka yi har titi, tana tsallake silifas ɗin bayin Allah. Ta sauka lafiya. Washegari mai unguwa ya yanke magana: biki ne, suna ne, zikiri ne, kada ya wuce dokin ƙofar mai shi.

Baba ya zura babbar riga ya same shi.

"Ranka ya daɗe, ambaton Allah za a hana?"

"Wa ya isa, Malam? Ka ambata iya ƙarfinka. Hanyar ce ba taka ba."

Ya dawo ya tsaya yana auna soro da ido. Ko an jera masu zikirin kamar ashana, rabi za su rage a waje. To wa zai kora? Tsoho Ɗayyabu da ke dogaro sanda tun daga Kabara?

Ran Talata matarsa, Gwaggo Zaituna, ta ji dukan diga. Ta fito da muciya a hannu, ta tarar magina na rushe bangon da ya raba soro da turakarsa. Gadonsa na tsakar gida, har kaji sun hau.

"Malam, kai kuma ina za ka kwana?"

"Ba kina da ɗaki ba?"

"Da wannan munsharin naka? Ni ma wajen mai unguwa zan kai ka."

Alhamis ta zo, kowa ya sami wurin zama, takalma na cikin buhu a bayan ƙofa, lungu fayau. Baba kuwa har yau a ɗakin Gwaggo yake kwana, kan tabarma, kusa da tukunyar ruwa. Gadon an shigar da shi soro, an bar wa Tsoho Ɗayyabu ya riƙa miƙe ƙafa.