Ranar da Surukina Ya Ɗaga Kan Waya

Akwai wata Alhamis da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. A shekarun nan ne da taki ya gagari talaka, gero ya ƙi auki. Babban ɗana ya ci jarrabawa, wata makarantar koyon aikin asibiti ta ce ya aika hoton takardunsa ta kwamfuta kafin a tashi daga aiki ranar, in ba haka ba a ba wani gurbin.

Ni da yaron muka jingine fartanya muka hau bas zuwa Ɗambatta, shagon wani mai buga takardu. Ya nuna min wani ɗan akwati mai ƙananan fitilu. "Baba, wannan shi ne modam. Shi yake mai da takarda sauti ta bi wayar tarho, ɗan'uwansa na can ya mai da ita takarda." Da ya buga lamba sai akwatin ya hau ƙara kamar ana wasa wuƙa. Na ce ko lalacewa ya yi. Ya yi dariya. "Gaisawa suke, su daidaita saurin da za su yi magana. Amma layin ɗaya ne. Duk wanda ya ɗaga kan wayar nan ya katse komai."

Tun hantsi layin yake ƙin shiga, sai bayan la'asar ya kama. Wani zane shuɗi ya fara rarrafe a fuskar kwamfuta, wai in ya kai ƙarshe saƙo ya isa. Ya wuce rabi, mai shagon ya zagaya baya duba janareta.

Sai ga surukina, kakan yaron, ya shigo daga kasuwa, yana son yi wa wani ta'aziyya a Kano. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya miƙa hannu wajen wayar.

Yaron ya ce, "Tsoho, dakata, aiki take yi."

"Ji ɗan nema," in ji shi yana murmushi. "Ba ka zama likitan ba ka fara min rowa?"

Ya ɗauka wasan jika ne. Maganata kaɗai zai ɗauka da gaske. Yaron ya juyo ya dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai. Tsohon ya ɗaga kan wayar, fitilun suka mutu. Muka yi ta bugawa har aka kira magariba, layin bai sake kamawa ba.

Tsohon ya rasu bai san abin da ya faru ba. Ɗana yanzu awon hatsi yake a kasuwar nan, furfura ta fara fito masa. Kullum yana gaishe ni da ladabi, bai taɓa tayar da zancen ba, kuma shirun nan ya fi yi min ciwo.

Abin da na koya a makare shi ne, kunya ado ce, amma ranar da makomar ɗanka take kan layi, buɗe baki ka yi magana.