Gizagon Baba

Yaya ya gaji fuskar mahaifinsa, ya gaji sanƙonsa, har ɗan tarin da marigayin yake yi kafin ya yi magana ya gada. Hannun ne kawai, in ji mutane, ya tsallake shi ya faɗa wa Auta. Shekara talatin Yaya yana sassaƙa bakan harbi, ba a taɓa dawo masa da ko guda ba, amma mai saye sai ya gama yabon aikinsa tsaf sannan ya ce, "Ƙanen naka yana nan kuwa?"

Gizagon da Baba ya yi sassaƙa da shi duk rayuwarsa yana ƙarƙashin gadon Inna, a naɗe cikin tsumma. Tun rasuwar ba ta ce na wane ba ne. Sai shekarar da saiwar itacen bayan gida ta fara tsaga bango, aka sare shi, gindin ya ba da tsagi biyu masu kyau. Inna ta dube su ta ce kowa ya ɗauki ɗaya. Wanda bakansa ya fi, gizago nasa ne.

Yaya ya fara zaɓa, don shi ne babba. Ya ɗauki miƙaƙƙen. Auta ya ɗauki mai ɗan karkata, ya shafa shi, ya yi murmushi. Murmushin nan ya tsaya wa Yaya a wuya wata uku.

"Me ka gani a jikinsa?"

"Itace ne, Yaya."

"Itace ake wa dariya?"

Aikin ɗanyen itace ba shi da wani asiri, Baba ya koya musu tare. A ɓare ɓawo tun da ruwa a jiki. A narka kakin zuma a toshe bakin itacen biyu, don in ruwa ya fita ta baki da gaggawa itace tsagewa yake yi. A kwantar da shi a inuwa, inda iska ke ratsawa. Duk mako a ɗora a sikeli. Ranar da nauyi ya daina raguwa, ya bushe. Sauran aikin jira ne, abin da Yaya ya iya sosai muddin ba tare da Auta ake yi ba.

Rumfarsu ɗaya, sikelinsu ɗaya, kowa yana zana nauyin nasa da gawayi a bango. Nan matsala ta ɓullo. Na Auta ya fi siranta, saboda haka ya fi saurin sauka. Yaya ya san dalilin sarai, shi da kansa ya sha bayyana wa mutane shi. Sanin bai hana shi tsayawa gaban bangon kowace safiya ba, hannu a baya, kamar mai duba sakamakon asibiti.

Matarsa ta ce, "Maigida, ko ni ba ka taɓa damuwa da ramata haka ba."

Wata rana da hantsi Auta ya fita sayo tsirkiya. Yaya ya zaro ƙaramar wuƙa ya kankare kakin bakin itacensa, kaɗan dai, don ya sha iska. Da ya ga ya riga ya fara, sai ya ɗora shi can sama dab da kwanon rufi, inda zafi ke taruwa. Mako biyu nauyi ya yi ta zubewa. Ya wuce Auta a bango. Ya ci abinci har da ƙari.

A mako na uku Auta ne ya sauko masa da shi, ya juya shi a haske. Tsaga ta shiga taƙi guda ta kowane baki.

"Ɓera ne ya cinye kakin," in ji Yaya.

"Lallai. Ɓeran ma da wuƙarsa ya zo." Auta ya auna da hannu. "In ka datse bakin biyu za ka sami gajeren baka, mai kyau ma. Ko kuwa mu yi musaya, Inna ba za ta gane ba."

Wannan tayin ya fi tsagar ciwo. Yaya ya ce ba ya so, ya datse, ya sassaƙa gajeren baka mai kyau ƙwarai. Inna ta riƙe shi, ta ce Allah ya yi albarka, ta tambaya ina sauran ya tafi. Ta miƙa wa Auta gizago.

Washegari Auta ya rataye shi a gefen Yaya, ya ce ƙotar ta yi wa hannunsa kauri, Yaya ya riƙe shi aro. Aron ya shekara tara yanzu. Gizagon ya zauna a hannun Yaya kamar don shi aka ƙera, kullum da shi yake aiki. In baƙo ya gane shi ya ce, "Wannan ba na marigayi ba ne?" sai Yaya ya yi ɗan tarin nan na Baba, ya ce, "Na Auta ne."