Munkaila da Ya Gwada Mana Birki da Ƙashinsa

Shekara talatin da ɗoriya, rana na fitowa Baba Munkaila zai ɗage buhun da ke rufe bakin rumfarsa a bayan tashar Matameye, ya yi shara, ya jera kayan gyara bisa tabarma. Ba ya karya kumallo sai ya saurari kukan babur ɗin farko. Lahadi mai zuwa zai rufe rumfar, kuma ba zai sake buɗewa ba. Ni Isufu, magatakardan ƙungiyar 'yan kabu-kabu, da hannuna a cikin rufe ta, shi ya sa nake rubutun nan bakina da ɗaci.

Bara wani ɗan kasuwa, Alhaji Marwan, ya kawo mana babura masu batir, injinsu a cikin cibiyar ƙafar baya. Abin da ya tafi da hankalinmu birkinsu ne. Ka ɗan taɓa shi, injin da kansa zai riƙe taya, ya mayar da wuta cikin batir. Caji kyauta! Sai wani mai wayon banza a cikinmu ya ce a sassauta wayar birkin takalmi, don kada takalmin ya riga injin kama taya ya yi mana asarar wuta. Muka yi layi a rumfunan masu gyara. Kowa ya sassauta mana, ban da Baba Munkaila.

"Ni ba na cire wa mutum birki," in ji shi. "Ku je gaba."

Muka ce tsoho ne, zamani ya bar shi a baya.

Ba a yi wata ba wani ɗan ƙungiyarmu, Sadisu, ya daki amalanke da safe, yana ta rantsuwa birki ne ya ƙi kamawa. Da la'asar aka gwada babur ɗin, ya tsaya cak. Aka ce ƙwaya Sadisu yake sha. Baba Munkaila kaɗai ya lura cewa haɗari uku aka yi, kuma duk kafin hantsi. Ya ari babur ɗin Sadisu, ya ɗaura masa buhun hatsi madadin fasinja, ya liƙa 'yar na'urarsa ta awon wuta a kan batir, ya nufi gangaren hanyar Dawce. Manoman wurin sun shaida: kwana tara yana hawa yana sauka, duk inda babur ya tsaya ya ajiye dutse, ya auna da taku. In batir na rabi, allurar na'urar ta motsa, babur ya tsaya a taku goma sha biyar. In ya kusa cika, taku talatin. Ranar da ya zo da shi cike taf, allura ko gezau, sai da ya ja ƙafafunsa a ƙasa sannan ya tsaya.

Ya same mu a tasha ya ce, "Cikakken tulu ba ya karɓar ruwa. In batir ya cika, injin ba shi da inda zai zuba wutar, sai ya saki taya. Da safe, da kuke fitowa da cikakken caji, ba ku da birki ko kaɗan."

Alhaji Marwan ya yi murmushi ya ce, "Mai gyara ya ga kasuwar takalmin birki ta mutu." Muka bushe da dariya. Wallahi na fi kowa ɗaga murya.

Washegari ya kira mu gangaren, mu goma sha ɗaya, don mu gani da idonmu. Ya sauko yana matse birki har jijiyar hannunsa ta tashi, babur na ta ƙara gudu. A wata kwanar hanya ya kife, wuyan hannunsa na dama ya karye gida biyu. Kun san abin da muka ce muna ɗaga shi? Wai tsufa ne, hannunsa ya saki.

Kai ne, Baba, ka sa ƙashinka a inda ya kamata mu sa hankalinmu. Kai ne kana kwance wurin mai ɗori kana aiko mana mu ɗaure wayoyinmu, mu kuwa ko sannu ba mu kai maka ba.

Ba mu yarda ba sai da Salim, shi ma ɗan ƙungiyarmu, ya mutu. Ƙarfe bakwai na safe, a gangaren nan, ya bar mata da ciki. Cikin kwana biyu babu babur ɗin da ba a ɗaure wa waya ba a duk Matameye. Amma ina muka kai baburan? Wurin waɗanda suka sassauta mana! Kunya ta hana mu haɗa ido da shi, muka riƙa zagaye ta bayan masu kayan miya don kada mu wuce rumfarsa. Muna ƙaryata shi mun guje shi, da gaskiyarsa ta fito muka ƙara nisa. Wata takwas ke nan yana jera kaya da hannu ɗaya, babu mai tsayawa.

Jiya na daure na je, da jawabin neman gafara da na haddace. Bai bari na fara ba. Ya miƙa hannun hagu ya matsa birkin babur ɗina, ya ɓata fuska.

"Wa ya ɗaure maka wannan, Isufu? Bai kama ba. Riƙe mini nan, hannuna ɗaya ne."

Na durƙusa na riƙe, yana juyawa, hawaye na zubo mini a kan tayar.

Mun gode, Baba Munkaila. Allah Ya saka maka da abin da muka kasa. Masu gyaran garin nan, ku koyi cewa a'a ko da layi ne a ƙofarku. Ku kuma 'yan'uwana, saura kwana huɗu, kuma kun san hanyar rumfar, tunda kun iya kauce mata.